Totuwar Masara a Tiyon Hita

Tun da na dawo daga Doguwa ba ku bar ni na sha iska ba. Duk wanda ya gan ni a bakin tasha sai ya ce, Garba, yaya aka yi tafiyar yini ɗaya ta ci kwana biyu? Balle kai Hamisu tela, da ka riga ka baza a gari wai bazawara na gano a Tudun Wada. Na gaji da ba ku labarin guntu-guntu, kuma gaskiya guntun da nake ba ku zaɓa nake yi, wanda zai sa ku dariya. Ga shi nan duka na rubuta, ku karanta ku ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne direban malaman dabbobi na nan Bebeji, shekarata tara ina jan farar bas ɗin nan da kuke yi wa dariya. Tsohuwa ce, ban musa ba. Injinta ba a hanci yake ba kamar na ƙananan motoci, yana nan a ciki tsakanin kujerata da ta wanda ke gefena, da murfin ƙarfe a kansa. In za ka duba shi sai ka ɗaga murfin ka leƙa kamar mai leƙa rijiya. Ƙananan gyare-gyarenta da hannuna nake yi, har nakan cika baki cewa ko idona a rufe na san kowane tiyo da ke cikinta.

Kun san cutar bushiya ta shigo wa shanu bana. Saniya ta fara hawaye da dalalar miyau, bakinta ya yi gyambo, sai zawo, kwana kaɗan ta faɗi. Ba ta da magani sai allurar rigakafi, shi kuma maganin rigakafin a cikin ƙanƙara kawai yake rayuwa. In ya ji zafi ya mutu, ko ka yi allurar ruwan banza ka zuba. An aika wa wani Ardo Manu da ke bayan Doguwa, ta ɓangaren Riruwai, cewa ya tara shanun jama'arsa wuri ɗaya ranar Alhamis, za mu zo kafin azahar. Malam Isyaku, malamin dabbobin da nake tuƙawa, bai so wannan tarin ba. Ya ce in ka haɗa garke da garke a irin wannan lokaci, to dole allura ta iso a ranar, in ba haka ba kai ka kai wa masu lafiya ciwon da hannunka. Amma motar ɗaya ce, rugagen da yawa, ba damar bin su ɗaya bayan ɗaya.

Muka tashi ranar Alhamis ana fitowa daga sallar asuba. Maganin yana cikin wani akwati mai riƙe sanyi, an cika shi da ƙanƙarar da aka kawo daga Kano. Malam Isyaku ya ƙi a ajiye shi a baya, wai gargada za ta fasa kwalaben. Ya ɗora shi a kan murfin inji kusa da shi ya rungume da hannu ɗaya. Na san murfin nan yana ɗaukar zafi, sai na ninka buhu biyu na shimfiɗa a ƙarƙashi, na ga kamar na gama wayo.

A Kwanar Dangora muka tsaya karyawa. Mai shayin yana haɗa mana, wani direban gingimari da ya kwana a hanya daga Jos yana ba da labarin abin da ya gani. Ya ce daga Saminaka zuwa bakin daji sai da ya toshe hanci da hula, ungulai kuwa sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta zo. Wani mahauci da ke gefe ya ce shi kam bai taɓa ganin arhar shanu irin ta bana ba, Bafulatani ne zai biyo ka yana roƙo ka yanka kafin ta mutu. Ya faɗa yana dariya, ba wanda ya taya shi. Da na koma wajen mota na ga ɗan danshin ruwa a ƙarƙashinta, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Na ɗaga murfi, na matsa babban tiyon sama da ke kai ruwa lagireto, na matsa na ƙasa, na ɗan ƙara ɗaure kilif ɗinsu da sukundireba, na ƙara ruwa. Malam ya ce lafiya? Na ce zufa ce ta tsufa, mu tafi.

Mun yi nisa a hanyar Tudun Wada, rana ta fara ɗagawa, sai ji na yi fuuu, tururi ya taso ta gefen murfin ya cika mana mota. Malam Isyaku ya yi salati ya suri akwatin, amma tafasasshen ruwa ya riga ya feso masa a ƙafar hagu daga ƙauri zuwa idon sawu. Na kashe mota muka dirgo. Ko kallon ƙafar bai yi ba, ya kai akwatin gindin wata ɗorawa ya lulluɓe da rigarsa, sannan ya zauna yana cije leɓe.

Da injin ya huce na leƙa. Ko'ina a jiƙe yake, ba ka gane inda ruwan ya fito. Na ga wata 'yar tsaga a jikin tiyon ƙasa, nan take na yanke cewa shi ne. Na yanko robar cikin taya na naɗe shi tam. Wasu mata da ke dawowa daga rijiya suka juye mini tulunansu biyu, ɗaya tana cewa Allah ya sa dai ba mu muka kwaso ciwon a cikin mota ba, don an ce duk rugar da malaman shanu suka shiga sai an yi asara.

A nan na yi abin da ya fi damuna. Wata motar itace ta tsaya, direban ya ce Doguwa ya nufa, in akwai mai sauri ya hau. Malam ya dube ni ya ce, "Garba, in bi shi?"

Na ce, "Haba Malam, da wannan ƙafar a kan itace? Minti goma mun tashi."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Motar nan ni na san ta."

Motar itace ta wuce. Muka tashi, ba mu yi mil biyu ba ruwa ya ƙare. Na sake naɗi, na sake neman ruwa, muka sake tashi, ya sake ƙarewa. Sau uku ina naɗe tiyon da ba shi da laifi. A na ukun na ƙi tsayawa da wuri, na matsa mata ko za ta kai mu gari, sai da injin ya fara ƙara kamar ana dukan kwano sannan ya mutu da kansa. Na roƙi wani manomi ya ja mu da shanun huɗarsa. Da ya ji ko mu su wane ne sai ya kora bijimansa can nesa da titi, ya dawo shi kaɗai ya ce zai taya mu turi da hannu, amma shanunsa ba za su kusanci motarmu ba. A ƙarshe wata tarakta ce ta ja mu, muka shiga Tudun Wada bayan la'asar. A lokacin ba motar da za ta shiga dajin Falgore, direbobi ba sa yarda yamma ta same su a ciki.

A tasha aka nuna mana wani tsohon bakanike, Baba Ɗanladi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran injunan haƙar kuza a Riruwai. Siriri ne, ga tabarau ɗaure da zare. Na fara yi masa bayani cewa tiyon ƙasa ne, ya ɗaga mini hannu.

"Ɗana, in ka sani me ya kawo ka?"

Bai taɓa sifana ba. Ya sa na cika lagireto da ruwa, ya zura hannu cikin injin yana bin tiyo ɗaya bayan ɗaya daga inda ya fito zuwa inda ya shiga, yana faɗar sunansa kamar mai koya wa ɗalibi. Wannan na sama, ruwan zafi ke fita ta nan. Wannan na ƙasa, ta nan yake dawowa, kuma tsagar da na gani a fatar waje take, ba ta huda ba. Wannan siririn na fetur ne, ya ce in lura jikinsa daban yake, kada wata rana in sa na ruwa a madadinsa fetur ya cinye shi. Wannan na iska ne, yana zuwa birki. Sai ya tsaya ya ce, "Ina 'yan biyun hita?"

Ku da ba direbobi ba, motocin nan an ƙera su ne don ƙasashen sanyi. Akwai ƙananan tiyo biyu da ke ɗibar ruwan zafi daga inji su kai wani ɗan akwati da ke ɗumama cikin mota. Mu nan wa ke neman ɗumi? Don haka da zarar hita ta fara yoyo, bakaniken ƙasar nan yanke tiyon yake yi ya toshe bakin da duk abin da ya samu. Baba Ɗanladi ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya laluba bayan inji inda ido ba ya kaiwa, ya jawo guda ɗaya. An toshe shi da tsohon fulogi, an ɗaure da kilif, lafiya lau. Ya jawo na biyun, ruwa na zuba ta bakinsa. Ya sa ƙusa ya ƙwaƙulo wani baƙin abu ruɓaɓɓe, ya murza a tafin hannu ya kai hanci.

"Totuwa," in ji shi. "Totuwar masara. Wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan aikin?"

Damina uku da suka wuce hitar ta yi mini yoyo a ƙofar gidana, ranar ina cin gasasshiyar masara. Fulogi ɗaya na samu. Na karya totuwar da ke hannuna na cusa a ɗayan, na naɗe da roba, na tura shi bayan inji da niyyar gobe in canza. Ya riƙe, ni kuwa na manta da shi sarai. Malam Isyaku yana zaune a benci ƙafarsa a miƙe, yana jiran amsa. Na ce, "Wani ne a Kano, kafin a ba ni motar." Baba ya ɗago tabarau ya dube ni, ya dubi robar da aka naɗe totuwar da ita, ya dubi naɗin da na yi wa tiyon ƙasa ɗazu. Ɗauri iri ɗaya ne, ƙulli biyu da lanƙwasa. Ya jefar da totuwar a kwata.

Toshe tiyon aikin minti biyar ne. Amma matsawar da na yi wa motar ba ruwa ta ƙone gaskit ɗin kan inji, sai an sauke kan an kawo sabo daga Kano. Muka bar Baba yana kwance notuna, na ɗauki akwatin magani na shiga gari neman ƙanƙara. Ba wutar lantarki tun kwana huɗu. Mai kemis yana da firji mai aiki da kananzir, ya buɗe ya nuna mini, lemo ne a ciki mai ɗan sanyi-sanyi, ba ƙanƙara ko ƙwaya. Da Malam ya buɗe akwatin a gabansa, ruwa ne zalla, takardun jikin kwalaben sun saɓule suna yawo a kai. Ya sa yatsa a ciki ya daɗe bai cire ba. Ya ce tun a kan murfin inji ƙanƙarar ta fara tafiya, tururi ya ƙarasa ta. Mai kemis ɗin ya shafa masa magani a ƙafa, ta yi bororo manya-manya.

A zauren sarkin tasha aka sauke mu. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, nama ya fi tuwon yawa. A Bebeji in baƙo ya ga tsoka uku a miya ya san an girmama shi, a can kuwa maigidan haƙuri ya riƙa ba mu, wai nama ya zama abin kunya a garin, kowa ya san daga inda yake fitowa. Na ci tuwon gaya. Malam ko loma bai yi ba.

Ranar Juma'a da sassafe Malam ya samu direban da zai wuce Doguwa, ya ba shi saƙo a gaya wa Ardo Manu magani ya lalace, a watsa shanu kowa ya koma inda ya fito. Gaskit ya iso bayan an sauko daga masallaci. Baba ya haɗa injin, sannan ya nuna mini yadda ake yi wa hita in za a kashe ta: ba a toshewa, guntun tiyo ake lanƙwasawa a haɗa bakin nan da bakin can, ruwa ya riƙa zagayawa. Kilif ɗaya yake da shi, ɗaya bakin ya murɗe da waya, ya ce in na isa gida in canza. Da zan sallame shi ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Wannan karon ka canza ɗin." Sai da magariba aka gama, muka sake kwana.

Asabar da safe Malam ya ce Doguwa za mu. Sabon magani ba zai samu a Kano ba sai wani mako, kuma hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya ga an watsa shanun da idonsa. A bakin dajin Falgore masu gadin daji suka tare mu a shinge, suka duba ko muna ɗauke da bindiga ko naman daji. Ɗayansu ya ce ciwon bai bar na dawa ba, jiya sun tarar da ɓauna biyu matattu a bakin rafi. Muka ratsa dajin. Bayan Doguwa muka saki titi muka bi burtali, tun kafin mu ga ruga warin mushe ya tare mu.

Shanu suna nan cike da fili, ba a watsa ko garke ɗaya ba. Direban da Malam ya aika ya miƙa wa wani saƙon a tasha, shi ya ba wani, abin da ya isa kunnen Ardo shi ne malamai sun samu matsala amma suna tafe. Kwana biyu ke nan garke bakwai suna shan ruwa a mashaya ɗaya. A gefe kuma fatu ne a shanye an kafe su da turaku.

Ardo Manu dogo ne, ya manyanta, da malafa a ka. A garinmu in ka yi wa mutum irin wannan latti, tun daga nesa zai fara ɗaga murya, mata su fito, a taru. Shi tabarma ya sa aka shimfiɗa, ya tsuguna nesa kaɗan idonsa a ƙasa, ya gaishe mu ya tambayi gida da iyali da gajiya da hanya, duk abin da muka tambaye shi ya ce sai alheri. Matarsa ta kawo nono a ƙwarya, ya ba mu haƙuri wai bai da yawa. Sai da muka sha sannan ya ce, "To Malam, a fara da waɗanne?"

Malam Isyaku ya buɗe akwatin ya gaya masa gaskiya. Ardo ya leƙa ya ga kwalabe a jere ba wadda ta fashe. Ya ce, "Ai ga magani nan. A yi musu haka nan, ko kaɗan ne ya rage a ciki."

Malam ya ce, "Ardo, in na yi, zan tsaga musu kunne alamar an yi, kai kuma ka saki jiki ka shiga da su ko'ina. Gara ka san ba a yi ba."

Sau uku yana roƙo, Malam yana ƙi. Daga nan Ardo ya miƙe ya yi wa mutanensa magana da Fulatanci. Ba wanda ya yi musu. Kowa ya shiga cikin taron yana kiran nasa da suna, shanun suna warewa suna bin iyayen gijinsu.

Na kasa kallo, na koma wajen mota. A ƙarƙashinta na ga ruwa na ɗiga. Gargadar burtali ta sassauta wayar Baba, bakin tiyon ya zame. Ina durƙushe ina fama da filaya sai na ji mutum a bayana. Ardo ne. Ya ce, "Direba, nuna mini abin da ya tsare ku."

Na nuna masa. Tiyon bai fi kaurin babban yatsa ba. Ban san yadda aka yi ba sai ji na yi ina gaya masa komai, totuwar da hannun da ya cusa ta, da motar itacen da na sa Malam ya bari ta wuce. Malam Isyaku ya ɗingiso yana tsaye a jikin ƙofa, ya ji duka. Ardo ya daɗe yana kallon tiyon. Sai ya tafi wajen fatun nan ya zaro wuƙa, ya yanko siririn tsiri daga wata ɗanya, fara mai baƙin ɗigo. Malam ya zuba wa tsirin maganin wanke kayan aiki. Ardo ya zura dogon hannunsa bayan inji ya naɗe bakin tiyon, ya ja da haƙori ya ƙulle. Ya ce in zafi ya busar da ita za ta ƙara kamawa, ba mai kwance ta sai wuƙa.

Na ce, "Ardo, mai fatar nan ma ni na kashe ta."

Ya goge wuƙar a ƙasa ya mai da kube. "A'a. Saniyata Wule ce, tun ranar Talata take hawaye, ko kun zo ba ta tashi. Wannan ba taka ba ce." Ya nuna fili da haɓa, inda garkuna ke fita ta ko'ina, lafiyayyu, maruƙa na tsalle a bayansu. "Naka ga su can suna tafiya. Sai nan da kwana goma za a san yawansu."

Fatar ta riƙe har Bebeji, ko ɗigo ba a yi ba. Malam bai kai ƙarata ba, bai kuma ƙara yi mini magana a kan abin ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan muka koma da sabon magani, akwatin a baya cikin jiƙaƙƙen buhu, muka isa da hantsi. Malam ya jera kwalabe a kan tabarma, ya haɗa ta farko. Ardo da kansa ya riƙa kamo shanunsa ta ƙaho yana kawowa, ni ina riƙe da igiya. Da aka yi wa ta ƙarshe, Malam ya ɗago sirinji yana jiran ta gaba. Ardo ya ce shi ke nan, su suka rage. Kwalbar farko ko rabi ba ta yi ba.